Tsare Me? Tarihin Mena da ragar da ta fi kowace shan ƙwallo

Ranar Asabar 8 ga Oktoba 2011 ina ɗan shekara tara, kuma ranar ce na fara ganin babban mutum ya yi fushi da rediyo. Kaka ce, ana ta kwasar hatsi a Ɗan Kassari, dammuna jere bakin rumbu. Kawuna ya baro gona da wuri don ya saurari wasan Mena da Masar a Alkahira. An ci mu ɗaya, ya ce ba komai. An ci mu biyu, ya gyara zama. Da aka ci na uku sai ya murɗe rediyon har maɓallin ya fita, ya ce da ni: "Ɗana, ɗauko mini buta. Wanga wasa ya mutu, mu ma mun mutu."

Ba a jima da magariba ba muka ji ihu daga bakin kwalta, hanyar nan da ta taso daga Dogon Dutsi ta nufi Ƙonni. Ƴan kabu-kabu na ta oda, yara na gudu ba su san abin da suke yi wa gudu ba, ni ma na bi. Da na koma gida da labari kawu bai yarda ba. "Wai mu munka wuce? Da ukun nan da anka ɗura muna? Kai yaro, ka bar ƙarya da dare." Ba ƙarya ba ce. Nijar ta samu gurbi a Kofin Afirka karo na farko a tarihinta, a ranar da aka lallasa ta uku da nema.

Na daɗe ina ɗaukar wannan labari abin dariya kawai, irin wanda ake bayarwa a fada ana shan shayi. Sai da na zo jami'a na zauna da alƙalami na jera sakamakon wasannin rukunin nan na ga wani abu da ya hana ni barci. A rukunin ƙasashe huɗu ne: Masar, Afirka ta Kudu, Saliyo da mu. Cikin wasanni shida, Afirka ta Kudu ƙwallo 2 kacal aka zura mata. Masar 5, Saliyo 5. Mena kuwa 8. Wato ƙasar da ta fi kowa iya tsaron baya ta zauna gida, wadda ta fi kowa shan ƙwallo ita ta tafi. To in haka ne, mene ne tsaro?

Ku yi mini haƙuri, ɗalibin ilimin harshe ba ya iya wuce kalma bai taɓa ta ba. Mu a Nijar mun saba da "gardiyan" da "defanser" da muka aro daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce "gola" da "ɗan baya". Amma masu sharhin wasanni a rediyo, nan da can, sun haɗu a kan kalma ɗaya ta Hausa: mai tsaron raga, mai tsaron baya, mai tsaron gida. "Tsare" aikatau ne so-karɓau, ba ya tsayawa shi kaɗai. In ka ce "ya tsare", dole a tambaye ka: ya tsare me? Gona ake tsarewa, ko ƙofa, ko amana. Kuma kalmar na da wata fuska, don wanda aka tsare a gidan kaso ba gata aka yi masa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu koma baya kaɗan. A 2010 ba wanda ke lissafi da Mena. Ƙasar ma hankalinta na wani wuri: sojoji sun kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairu, Salou Djibo na riƙon ƙwarya, ga yunwa a ƙauyuka bayan daminar 2009 da ba ta yi kyau ba. Hukumar ƙwallo tana hannun Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda kowa ya sani da Pele, mai horar da ƴan wasa kuma ɗan gida ne, Harouna Doula Gabde. Wasan farko na neman gurbi, watan Satumba 2010, Afirka ta Kudu ta ci mu 2 da nema a Nelspruit. Ba wanda ya yi mamaki. Wata biyu ke nan da suka gama karɓar baƙuncin Kofin Duniya.

Sai ranar Lahadi 10 ga Oktoba 2010, Masar ta sauka Yamai. Ku tuna wace Masar ce: wadda ta ɗauki Kofin Afirka a 2006 da 2008 da 2010 a jere ƙarƙashin Hassan Shehata, abin da ba wata ƙasa da ta taɓa yi. Ku sa kanku a matsayin Doula daren jajibiri, da takarda da biro. Tambayoyin da ke gabansa su ne na kowane mai horo kafin babban wasa. Wa zai bi wa? Za a liƙa wa kowane ɗan gaba nasu mutum guda ya bi shi ko'ina har bakin rijiya, ko kuwa kowa ya tsare yankinsa ya miƙa baƙo ga maƙwabci in ya tsallaka? Layin baya zai matso tsakiya ne, a bar fili a bayansa, ko zai ja kusa da raga a bar musu ƙwallon su yi ta juyawa? In an samu kwana, mutum nawa za su hau, nawa za su zauna? Tambayar ƙarshe ita ce mai wuya: wa za a bari a gaba shi kaɗai, ya yi ta jiran ƙwallo ɗaya da wataƙila ba za ta zo ba?

Ga wannan ta ƙarshen Doula na da amsa, Moussa Maazou. Dogon yaro mai gudu kamar an sako shi daga baka, wanda CSKA ta Mosko ta saya daga Lokeren ta Beljiyam a 2009, lokacin kuma yana zaman aro a Bordeaux. A raga akwai Kassaly Daouda. Duk wanda ya kalli Mena ta wancan zamani ya san salonta ba asiri ba ne: a cushe tsakiya, a bar wa baƙo ƙwallo inda ba ta cizo, in an ƙwace a cilla ta gaba Maazou ya bi. Sauran aikin kuma rana da ƴan kallon filin Seyni Kountché su yi shi. Maazou ya ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci, aka tsare ta har busan ƙarshe. Zakarun Afirka suka koma gida hannu rabbana.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, wannan salo ba ya hana a ci ka. Yarda ce ka yi tun farko cewa za ka ba da wani abu. Doula ya ba da ƙwallo, ya ba da kyan wasa, ya riƙe tsakiyar gidansa da ƙafar Maazou. In an duba shekarar gaba ɗaya, sai a ga kamar Mena ta yi irin wannan ciniki da dukan rukunin. A waje ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba: 2 da nema a Nelspruit, 1 da nema a Firitawun, 3 da nema a Alkahira. A Yamai kuwa ba wanda ya fita da ko maki guda. Saliyo ta sha 3 da 1 a watan Maris 2011, Afirka ta Kudu ta sha 2 da 1 ranar 4 ga Satumba, inda ɗan baya Koffi Dan Kowa ya hau gaba ya ci, Maazou ya ƙara. Ba na cewa da gangan aka riƙa shan kashi a waje, wannan rainin wayo ne. Amma ƙarfin da ake da shi kaɗan ne, kuma an san inda aka zuba shi.

A nan zan ɗan kauce hanya zuwa Amurka, don akwai wani wasa nasu da ya mayar da wannan ciniki sana'a. Wani abokina a ɗakin kwana ya jarabce mu da kallonsa a waya, ƙwallon nan mai siffar gwanda da ake rungumewa a ruga da ita ana ture-ture. Da farko na ɗauka dambe ne da kwalkwali. Daga baya na gane cewa kowace ƙungiya tana da runduna biyu, goma sha ɗaya na kai hari da goma sha ɗaya na tsaro, kuma masu tsaron suna da nasu shugaban horo da ba shi da aiki duk mako sai nazarin wa zai tare wa. A wasan ƙarshe na watan Janairu 1991 a Tampa, New York Giants ta haɗu da Buffalo Bills, wadda ke da mai jifa Jim Kelly da ba a iya tare shi. Shugaban tsaron Giants, Bill Belichick, ya rage ƙattin da ke layin gaba, ya cika baya da masu saurin ƙafa don su rufe hanyar jifa, ya kuma gaya wa yaransa su haƙura in Thurman Thomas, mai rugawa da ƙwallo, ya yi ta cin ƙasa. Thomas ya ci yadi 135, abin da a al'ada kunya ce ga masu tsaro. Giants ta yi nasara 20 da 19, takardun shirin nan suna ajiye yau a gidan tarihin wasan da ke Canton. Gaskiya dai sai da Bills ta ɓarar da bugun ƙarshe saura daƙiƙoƙi. Da ya shiga, da yanzu ana ba da labarin Belichick a matsayin wanda ya buɗe ƙofa da hannunsa. Amma ko ba komai ya san abin da ya sayar da abin da ya saya.

Yanzu mu dawo ranar da kawu ya karya rediyo, mu leƙa ɗaya filin. A Nelspruit, Afirka ta Kudu na karɓar Saliyo. Kafin a take wasa Nijar na da maki 9, su biyun kowa na da 8. Duk wanda ya ci a cikinsu ya wuce, tunda mu muna shan wuya a Alkahira hannun matasan Masar. Masar ta riga ta fita, Shehata ya ajiye aiki tun watan Yuni, sai aka turo ƴan ƙasa da shekara 23. Cikin waɗanda suka ci mu ranar akwai wani yaro da ba a sani ba, Mohamed Salah, kuma ita ce ƙwallonsa ta farko a babbar ƙungiyar ƙasarsa. Mu muka buɗe masa kasuwa, in ana rabon lada a tuna da mu.

Labarin Alkahira ya isa bencin Afirka ta Kudu. Mai horonsu Pitso Mosimane ya yi lissafi: in aka tashi canjaras, ƙasashe uku za su yi maki 9, su kuma suna da rarar ƙwallo 2, Saliyo ba ta da rara, Nijar na da giɓi. A ganinsa canjaras ta isa. Sai ya tsare ta. Ya bar ɗan gaba Lehlohonolo Majoro a benci ya sa ɗan tsakiya, shi da bakinsa ya faɗi haka bayan wasa. Golansu Itumeleng Khune ya yi ta cin lokaci. Aka busa 0 da 0, ƴan wasa suka zagaya fili suna rawa, ƴan kallo na busa vuvuzela, gidan talabijin na taya murna.

Dokar gasar ba haka ta ce ba. In ƙasashe sun yi kunnen doki a maki, abin da ake fara dubawa shi ne wasannin da suka yi tsakaninsu, ba rarar ƙwallo ba. A cire Masar a lissafi. Nijar ta ci Saliyo ta ci Afirka ta Kudu a Yamai, maki 6. Afirka ta Kudu ta ci mu sau ɗaya ta yi canjaras biyu da Saliyo, maki 5. Saliyo ma 5. Ukun da Salah da abokansa suka zura mana ba su shiga lissafin ba sam. Hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu ta yi barazanar ƙara, daga baya ta janye ta nemi gafarar ƴan ƙasa.

Ga fuskar nan ta biyu ta "tsare" da na ce ku riƙe. A cikin minti casa'in ɗin nan masu tsaron bayan Afirka ta Kudu ba su yi kuskure ko ɗaya ba. An ce su hana ƙwallo shiga, sun hana. Kowa ya bi mutuminsa, kowa ya rufe yankinsa. Kuskuren yana sama da su, wurin wanda ya zaɓa musu karɓau. Sun yini suna gadin rumbun da ba hatsi a ciki, a ƙarshe kansu suka tsare a gida. Ba na son a raina Mosimane, mutumin ya ci Kofin Zakarun Afirka da Mamelodi Sundowns a 2016, ya ƙara biyu da Al Ahly a 2020 da 2021. Gwani ne. Kuma ba shi kaɗai ne bai karanta takardar ba, akwai ofis guda cike da manya masu albashi da aikinsu ke nan. Shi ya sa labarin ke ba ni tsoro fiye da dariya, musamman mu ɗalibai da muke shiga jarrabawa ba mu karanta umurnin da ke saman takarda ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi, zan wuce shi da sauri. A watan Disamba 2011 hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Doula gwarzon mai horo na shekara. A daidai wannan lokaci aka kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis, wai mai ba da shawara. Ranar 23 ga Janairu 2012 a Libreville, Gabon mai masaukin baƙi ta ci mu 2 da nema, Aubameyang ya fara. Kafin wasa na biyu ragamar ta koma hannun Courbis. Wasa ɗaya tak aka ba gwarzon Afirka. Da Tunisiya an yi ƙoƙari, William N'Gounou ya ci mana ƙwallonmu ta farko a tarihin gasar, aka riƙe 1 da 1 har sai da Issam Jemâa ya soke mu dab da tashi. Maroko ta ci 1 da nema. Muka dawo ba maki. Ra'ayina, kuma na san wasu a ƙungiyarmu ta marubuta ba su yarda ba, shi ne ba salon Doula ne ya gaza a Gabon ba. Salon an gina shi ne a kan Yamai, ita kuwa Yamai ba ta shiga jirgi. Duk wanda ya duba sakamakon waje na shekarar da ta gabata ya san haka tun kafin a tashi, canza mai riƙe biro a tsakiyar gasa ba zai kawo ranar Yamai Libreville ba.

Mai horon Gabon da ya ci mu, Bajamushe Gernot Rohr, shi aka ɗauko daga baya. Da shi aka sake maimaita tsohon karatu: Gini ta ci mu 1 da nema a Konakiri, muka rama 2 da nema a Yamai watan Oktoba 2012, ɗan baya Mohamed Chikoto na cikin masu ci. Kofin 2013 kuwa, don Allah ku ji inda aka yi shi: Afirka ta Kudu. A Port Elizabeth an riƙe Mali har minti na 84 kafin Seydou Keita ya samu kafa. Ranar 24 ga Janairu Kassaly Daouda ya tsaya wa Kwango ta Kinshasa, aka tashi 0 da 0. Makinmu na farko ke nan a Kofin Afirka, kuma har yau shi kaɗai ne. A ƙasar da canjaras ta sa mutane rawar banza, mu tamu rawar da dalili. Gana ta ci mu 3 da nema bayan kwana huɗu, mai horonta lokacin Kwesi Appiah. Ku riƙe sunan.

Tun daga nan Mena ba ta koma ba. Dalilai na da yawa, amma akwai guda da ya shafi zancena kai tsaye. A ƴan shekarun nan hukumar ƙwallon Afirka ta ƙi amincewa da filin Seyni Kountché, sai ya zama "wasan gida" na Nijar ana yin sa a Maroko ko a Togo. Ƙungiyar da duk tarihinta na nasara ya tsaya kan tsare gida, aka wayi gari ba ta da gidan. Kalmar ma ta zama abin nazari: a takarda an rubuta mu ne masu masauki, a fili kuwa kujeru ne wayam da baƙin iska.

Duk da haka a watan Nuwamba 2024, ƙarƙashin tsohon golan Maroko Badou Zaki, an kusa. Mena ta ci Sudan 4 da nema a Lome ranar 14 ga wata, ta je Akkara ranar 18 ta doke Gana 2 da 1 a gidanta. Ina Yamai ranar, mun cika ɗaki muna kallo a waya ɗaya, wata wayar kuma tana bin ɗaya wasan. Sudan, wadda yaƙi ya raba da nata gidan, tana karɓar Angola a Libiya, maki ɗaya take nema. Mai horonta Kwesi Appiah ne. Ta tsare 0 da 0. Sudan maki 8, Nijar 7.

Da dare kawu ya kira ni. Ya tsufa yanzu, rediyon ma jikokinsa ke kunna masa. Ya ce: "Ɗana, ku da kunka yi boko, ku duba takardar nan da kyau. Ko wanga karo ma akwai wata doka da ba su gani ba?"

Na ce masa na duba, Kawu, sau biyu ma. Rarar ƙwallo tamu ce, wasannin tsakaninmu da Sudan ma mu ke gaba, amma duk wannan sai an yi kunnen doki a maki ake buɗe shafinsa. Ya yi shiru, ina jin kukan awaki a bayansa. Sai ya tambaye ni ko nawa ake sayar da tiyar hatsi a Yamai bana.